Yadda za ka mai da na'urar gem ta hannu ƙaramar kwamfuta a garin da wuta ba ta zama

A watan Afrilun 2024, da ɓata-gari suka lalata turakun babban layin wutar da ya taso daga Jos zuwa Gombe, makonni muka kwashe cikin duhu, ga kuma zafin bazara. A daidai lokacin ne ɗan yayata ya fara koyon kwamfuta a wata cibiya kusa da gidansu a Pantami. An biya kuɗin wata, amma kwamfutocin ba sa tashi sai da janareta, mai kuma ya yi tsada, don haka yau a kunna na awa ɗaya, gobe a ce su dawo jibi. Wata rana bayan la'asar na tarar da shi a zaure riƙe da wata 'yar na'urar gem da abokinsa ya ara masa. Na ce, "Yaushe rabonta da caji?" Ya ce, "Kawu, tun jiya da dare, a wajen mai cajin waya." Na karɓa na kashe ta na sake kunnawa, sai ga sunan ArkOS a allon. ArkOS kuwa Linux ce, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, a kan wani nau'inta mai suna Ubuntu aka gina ta.

Abin da yaron ke riƙe da shi kwamfuta ce sukutum: furosesa, ƙwaƙwalwar aiki, allo, ramin USB, da batir a jikinta. Ko an ɗauke wuta aikinka ba ya yankewa, kuma abin da take ci bai kai na ƙwan fitilar ɗaki ba. An dai lulluɓe ta da gem ne. Wannan jagorar bayanin yadda ake yaye lulluɓin ne.

Fara da sanin aikin da za ta yi maka

Ba za ta maye gurbin laftof ba. Allonta inci 3.5 ne, ƙwaƙwalwar aikinta gigabait 1. Ba za ka gyara bidiyo a kanta ba, ba za ka yi atisayen jarrabawar JAMB irin na cibiyoyi a kanta ba, kuma wanda ke son Word da Excel da linzami ya tara kuɗin laftof na hannu. Abubuwa uku ne na ga tana yi da kyau: rubutu da adana bayanai, koyon umarnin Linux da rubuta manhaja, da zama rumbun karatu wanda wayoyin gida ko na ɗalibai za su riƙa ɗiba daga gare shi ba tare da data ba.

Wani zai ce waya ma tana yin wannan. Haka ne, tana yin wasu. Amma wayar gida ta mai gida ce, da safe za ta bi shi kasuwa. Wadda aka bar wa yaro kuma ga TikTok ga WhatsApp suna jan hankalinsa. Wannan na'urar kuwa duk ranta a cikin katin memori yake: idan yaro ya yi ɓarna a tsarin, sai a sake yi wa katin filashin, wato a sake rubuta masa babbar manhajar, ta dawo sabuwa. Mai koyo yana bukatar abin da zai taɓa ba tare da fargabar lalatawa ba.

Wacce za ka saya

Ba kowace na'urar gem ce ke yi ba. Waɗannan ƙananan da ake rubuta wa gem ɗari huɗu a ciki, masu arha sosai, ba su da Linux, kada ka ɓata kuɗinka. Nemi wadda babbar manhajarta ke kan katin memori.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yaɗu ita ce R36S. Furosesarta Rockchip RK3326 ce, allonta 640 a 480, tana da ramin kati biyu da ramin USB-C biyu a ƙasa, ɗaya an rubuta DC don caji, ɗaya OTG don jona kaya. Ba ta da waifai, ba ta da mafitar talabijin. A kasuwannin intanet na China kuɗinta yana kaiwa dala 30 zuwa 45. Wadda ta fi ta ita ce Anbernic RG35XX H, mai furosesa Allwinner H700, da waifai da Bluetooth a jikinta, da ƙaramin ramin HDMI. Idan gidanku akwai talabijin ɗin sola mai aiki da bolt 12, wannan ramin kaɗai ya isa ya sa ka ƙara kuɗi ka ɗauke ta, domin karatu a babban allo ya fi sauƙi ga ido. Ita ba ArkOS take hawa ba, ana sa mata muOS ko Knulli, kuma muOS tana zuwa da allon umarni a cikin manhajojinta. Miyoo Mini kyakkyawa ce a gem, amma megabait 128 ne ƙwaƙwalwarta, ta yi kaɗan ga wannan aikin.

Zan bi R36S mataki-mataki, tunda ita ce aljihun yawancinmu zai iya, kuma ita na yi aiki da ita.

Akwai masu kama da ita da yawa, suna ɗaya, jiki ɗaya, amma cikinsu daban. Kafin ka biya, ce wa mai shago, "Maigida, bari in cire katin in kunna." Ta ainihi ba ta tashi sai da kati a ramin da aka rubuta TF1. Idan ka cire ta tashi ta nuna maka gem, wata iri ce daban, kuma abin da ke ƙasa ba lallai ya hau ta ba. Ka tafi da kibod ɗinka da 'yar mahaɗar OTG ka jona a gabansa, ka ga maɓallan kibiya suna motsa jerin da ke allon.

Sauran kayan: sabon katin memori mai gigabait 32 ko 64, abin karanta kati, mahaɗar USB-C zuwa babban USB, ƙaramin mai rarraba USB mai rami uku ko huɗu, kibod maras fitilu, ɗan USB na waifai mai cif RTL8188EU, da fawa bank.

A kan katin zan tsaya, domin a nan gizo ke saƙar. Katin da ke zuwa da na'urar ba shi da ƙarko, kowa da ya daɗe da irin waɗannan na'urori ya san haka. Na kasuwa kuma jabu ya yi yawa. Na taɓa sayen wanda aka rubuta wa gigabait 128 a farashi mai daɗi, ya karɓi fayiloli lafiya lau, bayan kwana tara rubutun yaron na sati guda ya koma wasu alamomi marasa ma'ana. Ainihin cikinsa bai kai abin da aka rubuta ba, sabon abu yana hawa kan tsoho yana goge shi. Araha ba ta ado. Gwada kowane sabon kati da H2testw a kwamfuta mai Windows: tana cika shi da bayanai ta sake karantawa, ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Tana ɗaukar lokaci, ka ba ta.

Mataki na farko: kwafe abin da ke tsohon katin

Za ka bukaci kwamfuta a wasu matakan. Idan ba ka da ita, shagon buga takardu ya isa, irin waɗanda ke kewayen Jami'ar Jihar Gombe a Tudun Wada, ka biya kuɗin awa.

Kashe na'urar, ka cire katin TF1, ka sa a kwamfuta. Windows za ta fito da saƙo tana neman ka yi fomatin wani sashe na katin, wato ka share shi. Ka ce a'a. Duk lokacin da ta tambaya ka ce a'a. Wannan sashen na Linux ne, Windows ce ba ta iya karanta shi ba, lafiyarsa ƙalau.

Buɗe sashen da ake kira BOOT ka kwafe duk abin da ke ciki zuwa filashi, ka kuma tura wa kanka kwafi a waya. Mafi muhimmanci su ne fayilolin da sunansu ya ƙare da .dtb. Dalili shi ne masu haɗa R36S ba allo iri ɗaya suke sa wa kowace ba, kuma waɗannan fayilolin ne ke gaya wa Linux irin allon da ke jikin taka. Wanda ya tsallake wannan matakin yakan kunna na'urarsa ya ji sauti amma allo baƙi ƙirin, ya zaci ta mutu, alhali fayil ɗaya ne bai dace ba.

Mataki na biyu: filashin sabon kati

Akwai ArkOS da masu amfani da R36S suka daidaita musamman dominta, ita za ka nema da sunan na'urar. Fayil ne mai nauyi, lissafin gigabait ake yi, don haka ka sauke shi da datar dare ko inda akwai waifai. Yana zuwa a matse. Warware shi da 7-Zip har sai ka samu wanda ya ƙare da .img, sannan ka rubuta shi a sabon katin da Rufus ko balenaEtcher. Kwafewa kawai ba ta yi, sai da ɗaya daga cikin waɗannan. Ka duba sau biyu cewa katin ka zaɓa ba filashin mai shago ba, domin duk abin da ka zaɓa sai an share shi.

Da ya gama, buɗe BOOT na sabon katin ka zuba fayilolin .dtb da ka kwafo, su hau kan waɗanda ke wurin. Mai da katin ramin TF1, ka tabbatar batir ya cika, ka kunna. Tashin farko yana ɗaukar mintoci, za ta yi ta rubuce-rubuce ta sake kunna kanta. Kada ka taɓa ta. Tana faɗaɗa sashe na uku ne, mai suna EASYROMS, wanda a cikin Linux ake ganinsa a matsayin /roms. Nan ne ma'ajiyarka, kuma Windows tana iya buɗe shi.

Ni ban mai da gem ko ɗaya sabon katin ba. Waɗanda ke zuwa a tsohon ba da izinin masu su aka zuba su ba, sannan yaro ba zai zauna koyon umarni ba alhali ƙwallo na jiransa a maɓalli na gaba.

Mataki na uku: shiga cikinta ta waya

Jona mai rarraba USB a ramin OTG, ka sa ɗan waifai a ciki. Kunna hotsifot a wayarka, ka sa shi a kan 2.4 GHz, domin wannan cif ɗin ba ya ganin 5 GHz. A na'urar shiga Options, sannan Wifi, ka zaɓi sunan wayarka ka sa kalmar sirri. Koma Options ka danna Enable Remote Services, sannan Network Info. Za ka ga lamba mai gida huɗu da ɗigo a tsakani, yawanci tana farawa da 192.168. Rubuta ta a takarda, ita ce adireshin na'urar.

A waya sauke ConnectBot, manhaja ce kyauta da ke ba ka damar buga wa na'urar umarni daga waya. Rubuta ark@ sannan wannan lambar. Kalmar sirri ita ma ark ce. Baƙin allo zai buɗe da ɗan layi yana ƙyaftawa. Ka shiga cikin na'urar ke nan. Abu na farko, buga `passwd` ka canza kalmar sirrin, tunda duk mai irin na'urar ya san ta farkon.

Gargaɗi ɗaya: idan ka taɓa amfani da Ubuntu, hannunka zai so ya buga umarnin sabunta komai da komai. Kada ka yi. Ubuntun da ke ƙarƙashin ArkOS tsohuwa ce kuma an yi mata gyare-gyare don wannan na'urar, sabuntawar gaba ɗaya na iya hana ta tashi.

Mataki na huɗu: allon umarni a jikin na'urar

Ba ma son kullum sai da waya. ArkOS tana nuna duk fayil mai ƙarewa da .sh da ke cikin /roms/ports a jerin Ports, kamar gem. Da wannan ƙofar za mu shiga. Daga ConnectBot buga:

`nano /roms/ports/Kwamfuta.sh`

Nano manhajar rubutu ce, za ta buɗe maka sabon fayil. Sannan ka rubuta waɗannan layuka biyar:

`#!/bin/bash`
`sudo chmod 666 /dev/tty1`
`export TERM=linux`
`sudo setfont /usr/share/consolefonts/Lat7-Terminus20x10.psf.gz`
`bash -i < /dev/tty1 > /dev/tty1 2>&1`

Danna Ctrl da O don adanawa, Ctrl da X don fita. Layi na biyu yana ba ka izinin amfani da allon, na huɗu yana ƙara girman haruffa yadda layi zai ɗauki harafi 64 kuma allo ya ɗauki layi 24, na biyar yana buɗe wurin buga umarni. Idan ta ce ba ta ga fayil ɗin haruffan ba, buga `ls /usr/share/consolefonts` ka zaɓi wani daga jerin. Ka rubuta wannan fayil ɗin da nano, kada ka rubuta shi da Notepad, domin Windows tana sa wata ɓoyayyiyar alama a ƙarshen kowane layi wadda ke hana shi aiki.

Sake kunna na'urar, jona kibod, shiga Ports, zaɓi Kwamfuta. Daga yanzu ba kullum kake bukatar waya ba. `mkdir /roms/rubutu` zai buɗe maka folda, `nano /roms/rubutu/bashi.txt` zai buɗe maka takarda. `python3` zai kai ka inda ake koyon rubuta manhaja. `exit` zai mai da kai jerin farko.

Daren da muka kai nan, yaron ya jingina na'urar da gwangwanin madara a kan tabarma, kibod a cinyarsa, ya rubuta shirin da ke tambayar mudu nawa na masara aka saya da kuɗin mudu ɗaya, ya fitar da jimla. Layi huɗu ne. Sau uku yana samun kuskure saboda ya manta baka ɗaya bai rufe ba. Da ya fito daidai ya ɗauki na'urar da kibod ɗin gaba ɗaya ya shiga cikin gida yana cewa, "Inna, faɗi ko nawa ne ki gani." Unguwar duk duhu, sai hasken wannan ɗan allon.

Ga wata matsala da ta shafe mu mu masu rubuta Hausa. Wannan baƙin allon ba ya nuna ƙ, ɗ da ɓ, kibod ɗin kasuwa ma ba shi da su. Dabarar da nake bi: ina rubuta k' da d' da b' a duk inda mai lanƙwasa ya kamata ya zo, in na gama sai umarni ɗaya ya juya su duka. Rubuta shi sau ɗaya daga waya, inda Gboard na Hausa ke da haruffan, a fayil mai suna /home/ark/gyara.sh:

`sed -i "s/k'/ƙ/g; s/d'/ɗ/g; s/b'/ɓ/g; s/K'/Ƙ/g; s/D'/Ɗ/g; s/B'/Ɓ/g" "$1"`

Duk sanda ka gama rubutu sai ka buga `bash /home/ark/gyara.sh` da sunan fayil ɗin. A allon na'urar haruffan za su fito kamar 'yan akwatuna, amma da ka buɗe a waya ko a shagon buga takardu za ka gan su daidai. Kalmomi irin su sa'a da 'ya'ya ba abin da zai taɓa su.

Wanda bai samu ɗan waifai ba yana da wata hanyar. Cikin EASYROMS akwai folda mai suna dos. Zuba manhajar rubutu ta FreeDOS mai suna EDIT a cikin folda tata, ba a matse ba, ka buɗe ta kamar gem. FreeDOS babbar manhaja ce kyauta mai kwaikwayon DOS ta tsofaffin kwamfutoci, kuma manhajojin wancan zamanin don allo mai kusan 640 a 480 irin wannan aka yi su, shi ya sa suke zama daram. Da ta buɗe ka danna Scroll Lock a kibod, in ba haka ba wasu maɓallan za su riƙa yin aikin gem maimakon rubutu.

Mataki na biyar: rumbun karatu ba data

Wannan ne ya fi amfanar mutane da yawa a lokaci ɗaya. Kiwix manhaja ce da ke ɗauke da Wikipedia da wasu tarin littattafai a dunƙule cikin fayil mai ƙarewa da .zim, a karanta ba intanet. Akwai Wikipedia ta Hausa, akwai ƙamus na Wiktionary, akwai WikiMed na fannin lafiya, akwai gwaje-gwajen kimiyya na PhET da ɗalibin sakandare zai ja ya saki ya ga yadda wutar lantarki ko nauyi ke aiki. Cikakkiyar Wikipedia ta Turanci mai hotuna ta haura gigabait 100, ta fi ƙarfin katinka, amma ana samun ta a rarrabe: lissafi daban, kimiyyar sinadarai daban, tarihi daban.

A kwamfuta sauke waɗanda kake so, tare da kiwix-tools na linux-aarch64. Wannan sunan na ƙarshe shi ne na irin furosesar na'urar, wani ba zai yi ba. Buɗe folda mai suna karatu a EASYROMS ka zuba su duka. Mai da katin, shiga Kwamfuta, ka buga:

`tar xzf /roms/karatu/kiwix-tools*.tar.gz -C /home/ark --strip-components=1`

Sannan ka yi wani fayil a ports mai suna Laburare.sh da layi biyu:

`#!/bin/bash`
`nohup /home/ark/kiwix-serve --port=8080 /roms/karatu/*.zim &`

Da ka shiga Ports ka zaɓi Laburare, duk wayar da ke kan hotsifot ɗaya da na'urar za ta buɗe burauza, ta rubuta adireshin nan da :8080 a ƙarshensa, sai ga laburare. Ba sai an kunna data ba, hotsifot ɗin hanya ce kawai tsakaninsu. Tsohuwar MiFi da aka jefar a durowa ma tana yin wannan aikin, ga ta da nata batirin. Adireshin yakan canza idan an sake haɗawa, sai a leƙa Network Info. Malamin da ke koyarwa a ƙauyen Dukku ko Nafada, inda sabis ke wuya, zai iya cika katin in ya shigo gari, ya koma da shi a aljihun riga.

Wuta

Yanzu lissafin da ya sa duk wannan wahalar ta cancanta. Yawan wutar da batir ke riƙewa, a ma'aunin wat-awa, ana samunsa ne in an ninka lambar mAh da 3.7 aka raba da 1000. Batirin da aka rubuta wa 3000 mAh yana riƙe da kusan wat-awa 11. Na'urar tana cin wat 2 zuwa 3, wato awa huɗu zuwa biyar ke nan, ya danganta da hasken allo da abin da ka jona. Fawa bank mai 10,000 mAh wat-awa 37 ne a rubuce. Cire abin da ke lalacewa a zafi wajen juya wutar, ka ƙaddara 25 ne a hannunka, caji biyu ke nan. Kwatanta da cajar laftof da aka rubuta wa wat 45 ko 65, ko kwamfutar tebur da allonta da ke haura wat 100.

Fanel ɗin sola mai wat 10 mai ramin USB ya wadatar. Ba ya ba da duk abin da aka rubuta a jikinsa, don haka ƙaddara rabi: wat 5 sau awa biyar na rana mai ƙarfi, wat-awa 25. Rana kuwa ba ita muka rasa a Gombe ba. Amma kada ka jona na'urar kai tsaye da fanel. Gajimare na gilmawa wutar ta faɗi ta tashi, wannan kuma yana wahalar da sashen cajinta. Fanel ya cika fawa bank da rana, fawa bank ya ciyar da na'ura da dare. Fanel a rana, fawa bank a inuwa, da doguwar waya a tsakaninsu. A lokacin hunturu ka riƙa goge ƙurar fanel kowace safiya da tsumma mai laushi, ƙurar tana rage abin da yake bayarwa sosai. Mai batirin mota ko na sola mai bolt 12 ya sayi cajar mota ta USB, ita ke sauko da shi zuwa bolt 5.

Wajen caja, yi amfani da mai sauƙi wadda aka rubuta wa 5V da 1.5A ko 2A, da waya mai babban kan USB a gefe ɗaya, USB-C a ɗayan. Yawancin waɗannan na'urori ba sa karɓar caji da waya mai USB-C kai biyu, sai mutum ya zaci ramin ne ya lalace. Cajar manyan wayoyi mai saurin caji ma ka bar ta. Idan za ka kai wa mai cajin waya, kai masa fawa bank ɗin, na'urar ta zauna a gida. Idan kuma da wutar gari ko janareta kake caji, zare cajar kafin a tayar da inji, kuma in an kawo wuta ka ɗan jira ta daidaita.

Rage hasken allo zuwa inda ido zai iya, cire ɗan waifai in ba a bukatarsa. Kibod mai fitilu kala-kala yana shan batir a banza.

Kashewa kuma sai ta hanyarta: danna Start, Quit, Shutdown System, ko ka buga `sudo poweroff`. Danne maɓallin wuta har ta mutu, ko barin batir ya ƙare tana tsakiyar rubutu a kati, su ne manyan abubuwan da ke lalata tsarin. Da ka ga batir ya yi ƙasa, adana aikinka ka kashe.

Zafi da ƙura

A watannin Maris da Afrilu zafin garin nan yana kaiwa digiri 40, batirin lithiyam kuma zafi ne babban abokin gabarsa. Kada a bar ta a mota, ko a taga, ko a saman firji, kada a yi caji a ƙarƙashin matashi. Ka riƙa duba bayanta lokaci-lokaci. Idan murfin ya fara tasowa, batir ya kumbura: daina caji nan take, kada ka huda shi, kada ka danne shi, ka kai wa mai gyaran waya ya cire. Batirin R36S da 'yar soket yake haɗe, ana samun madadinsa mai bolt 3.7, amma ka ce wa mai gyaran ya auna jan waya da baƙa kafin ya jona, domin ba kowane batir ne ke zuwa da su a jere ɗaya ba, kuma juya su yana ƙona na'urar.

Ƙurar hunturu tana shiga ramin kati da na USB. Robar abinci mai murfi ta ishe ta gida, ita da mai rarraba USB da ɗan waifai. Ramin OTG shi ne ya fi saurin sakwarkwacewa saboda yawan cirewa da sawa, don haka ka bar gajeriyar mahaɗar a jiki, ka riƙa cire kaya daga ɗaya bakin.

Duk ranar Juma'a muna cire katin mu kwafe foldar rubutu zuwa wani wuri. Bayan komai ya zauna yadda nake so, na koma shagon buga takardu da kati na biyu, na ɗauki hoton na farkon gaba ɗaya da Win32 Disk Imager na rubuta shi a kan na biyun, wanda girmansa bai gaza na farkon ba. Yana nan a cikin ambulan an rubuta kwanan wata a bayansa. Ran da na farkon ya ƙi tashi, cire wannan za a yi a sa wancan, a mai da foldar rubutu ta Juma'ar da ta wuce.